Tikiti Ɗaya, Garuruwa Uku

Wani mai sauraronmu daga Kano yana tambaya: shin zai iya zuwa Umara, ya biya ta Dubai ya yi sari, sannan ya dawo gida da tikiti ɗaya?

Ƙwarai kuwa, Alhaji. A shafin kamfanin jirgi ko wajen ejan, ka nemi tsarin garuruwa da yawa. Kowane zango kai za ka zaɓi ranarsa da jirginsa. Kana iya sauka Madina ka tashi daga Jidda, tunda jirgin ƙasan Haramain ya haɗa su. Sai dai a yi hattara: idan ka tsallake zango ɗaya, kamfani kan soke sauran gaba ɗaya. Kuma bizar Saudiyya ba ta shigar da kai Dubai, don haka nemi tasu kafin ka biya kuɗin tikiti.