Zuwa ga 'yata mai jinyar ɗa

'Yata, innarki ta kawo mini ƙararki. Ta ce kin faɗa mata kin gaji da roƙo, kin yi tsayuwar dare har gwiwoyinki sun yi kanta, amma sikila ba ta saki yaron ba. Ta tsorata, ta ce in yi miki faɗa. Ba zan yi ba. Wanda bai taɓa kwana riƙe da ɗa yana kukan ciwon ƙashi ba, ba shi da bakin yi miki faɗa.

Masu zuwa dubiya suna cewa da imaninki ya kai, da tuni ya warke. Wasu har da kwatancen gidan malamin da za a kai wa rago. Ki gode musu, ki bar zancensu a bakin ƙofa. Manzon Allah (SAW) 'ya'ya bakwai ya haifa, shida sun riga shi rasuwa, Nana Faɗima kaɗai ta rage. Ranar da ɗansa Ibrahim ya cika, yana ɗan ƙarami, hawaye ya zuba daga idanunsa masu albarka. Wa zai ce addu'arsa ce ba ta kai ba? Annabi Nuhu ya yi wa Allah maganar ɗansa, ba a ba shi ba. Annabi Yakubu kuwa ya yi baƙin cikin Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma yana nan cikin masu haƙuri.

Malamanmu sun karantar da mu cewa addu'ar mumini ba ta faɗuwa ƙasa banza. Ko a biya masa buƙatarsa, ko a kau masa da wata masifa, ko a ajiye masa ladan sai lahira. Na ƙarshen nan shi ya fi wa uwa nauyi, na sani, don ita lafiyar ɗanta take so tun yau. To, ki faɗa wa Ubangijinki haka, da kukan da gajiyar duka. Kai kuka gare Shi ba butulci ba ne.

Ita kuma sikila ba sammu ba ce, ba aikin iska ba. Gado ce ta jini. Ke AS, maigidanki AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS. Babu laifin da kika yi wa Allah a nan. Ki riƙa ba shi ruwa sosai, ki kare shi daga sanyi, ya kwana cikin gidan sauro, kada maganin da likita ya rubuta ya yanke. Zazzaɓi in ya taso, asibiti a ranar, ba sai gobe ba. Addu'a tana tafe da ke a hanya.

Abu ɗaya nake roƙonki. Ƙanwarki an fara zancen aurenta. Ki zaunar da ita, ke za ta fi ji, su yi gwajin jini ita da mai neman aurenta kafin a karɓi goron kowa.