Kayan buɗe agogo: a duba bayansa kafin a je kasuwa

Agogon hannu ya shiga ƙauyuka. Da shi ake sanin lokacin salla, da na tashin mota ranar kasuwa, da na shiga aji. Amma ran da ya tsaya, sai a rasa mai gyara. Wani ya ɗauki wuƙar yankan albasa ko ƙusa ya ɓanɓare shi. Murfi ya lanƙwashe, wuƙa ta zame ta tsinke waya a ciki, ko ta yanki yatsa. Agogon da pil kawai yake bukata ya mutu ke nan.

Mai sha'awa yana iya koyon wannan aiki da rani, bayan hatsi ya shiga rumbu. Ba ya bukatar kaya masu yawa. Sai dai ya san waɗanda zai saya.

Agogo iri biyu ne

Akwai wanda ake murɗa kansa kowace safiya. Cikinsa ƴan ƙarafa ne masu haƙora, da waya siririya kamar gashi. Gyaransa sai gwani. Akwai kuma mai pil. Kamfanin Seiko na ƙasar Japan ya fara sayar da irinsa da ake kira quartz a 1969. Yanzu shi ya fi yawa a kasuwa. In ya tsaya, galibi pil ne ya ƙare. Da shi mai koyo zai fara.

Murfin baya iri uku ne

1. Murfin dannawa. Gefensa yana da ɗan leɓe. Ana sa bakin wuƙar agogo a ƙarƙashin leɓen, a ɗaga. Wuƙar gajeriya ce, ba ta da kaifi.

2. Murfin murɗawa. Yana da ƴan gurabe kewaye da bakinsa. Ana buɗe shi da maɓuɗi mai haƙora biyu ko uku, a murɗa hagu. Wuƙa ba ta buɗe shi, ɓata shi take yi.

3. Murfi mai ƴan ƙusoshin murɗawa, waɗanda ake kira bis. Misali Casio F-91W, wanda ya fito a 1989, yana da bis 4 a bayansa. Ƙaramin turnabis mai bakin gicciye ke kwance su.

Saboda haka mai koyo ya fara duba agogunan mutanen garinsu. Irin murfin da ya fi yawa, kayansa zai fara saye.

Sauran kaya

Ƙananan turnabis biyu ko uku, masu baki daga milimita 1 zuwa 1,4. Hantsakin roba na ɗaukar pil, don na ƙarfe yana haɗa fuskokin pil biyu ya zuƙe ƙarfinsa. Gilashin ƙara girma, don karanta ƙananan lambobi. Ɗan ƙarfe mai baki biyu na cire maɗaurin agogo. Farin ƙyalle mai tsabta da ƙaramin kwano, waɗannan akwai su a gida.

Yadda ake saye

Ana neman kayan wurin masu sayar da agogo a manyan kasuwanni, kamar babbar kasuwar Maraɗi, ko Kasuwar Dole a Damagaram, ko a Tawa da Yamai. Mai saye ya tafi da agogon a aljihu. Ya gwada turnabis a kan bis tun a gaban mai kaya. In bakin ya yi kaɗan ko ya yi yawa, zai cinye kan bis, ba ta sake kwancewa. Ya duba bakin da kyau: ƙarfe mai taushi yana lanƙwashewa tun ranar farko. Kada babban akwati mai kaya 30 ya ruɗe shi, alhali biyar zai yi aiki da su. Araha ba ta ado.

Amfanin karatu

Kowane pil yana da lamba a bayansa. A CR2016, 20 tana nufin faɗin milimita 20, 16 kuma kaurin milimita 1,6. CR2032 faɗinsu ɗaya, amma ya ninka shi kauri. Ido yana ruɗewa, lamba ba ta ruɗewa. Agogo masu allura da yawa suna cin SR626SW, wanda ake kuma rubutawa 377. Wanda ya shiga yaƙi da jahilci sai ya kwafi lambar a takarda, ya kai wa mai kanti. Ba mai sayar masa da abin da bai nema ba.

Wurin aiki

Ƙura ce babbar abokiyar gabar agogo. Kada a buɗe shi a tsakar gida, balle da hunturu. A shiga ɗaki mai haske, a wanke hannu, a shimfiɗa farin ƙyalle, a zuba bis cikin kwano. A lura da fuskar pil mai alamar + kafin a cire tsohon. Zoben roba da ke bakin murfi shi ke hana ruwa da zufa shiga, a mayar da shi gurbinsa. Kada a ɗiga man gyaɗa ko man keke. Gwajin farko a yi shi a kan mataccen agogo, ba a kan na maƙwabci ba.

Hattara da yara

Pil ɗin agogo ƙarami ne, yana ƙyalli, yaro yana iya haɗiye shi. In ya maƙale a maƙoshi, yana ƙona nama cikin awa 2. Kada a sa yaron amai, kada a jira gobe. A kai shi likita nan take. Sabon pil da tsoho duka a kulle su inda hannun yara ba ya kai.

Tambayoyi

1. Murfin agogo iri nawa ne? Me ke buɗe kowane?
2. Don me ba a ɗaukar pil da hantsakin ƙarfe?
3. Mene ne bambancin CR2016 da CR2032?