Kunkuru Biyu a Gida Ɗaya

Hausawa sukan ce kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa. Wanda ya ji wannan karin magana sai ya zaci kunkuru bai iya faɗa ba ko kaɗan. Ga shi da sanyin tafiya, ba shi da haƙori, in an taɓa shi kuwa sai ya ja kansa cikin ƙoƙo ya yi shiru. Amma masu kiwonsa sun san ba haka abin yake ba. Kunkuru biyu maza, in aka haɗa su a wuri ɗaya, suna iya yin faɗa har ɗaya ya halaka. Sabo da haka duk yaron da ke da kunkuru a gida, ko makarantar da ta ajiye shi a lambunta, ya kamata su san halinsa tun ɓarna ba ta auku ba.

Babban Kunkurun Sahel

Kunkuraye iri iri ne. Wanda ya fi girma a ƙasashen nan shi ne babban kunkurun Sahel, mai launin rairayi, wanda ke da waɗansu ƙayoyi masu kauri a cinyoyinsa na baya. Mazauninsa gefen hamadar Sahara ne ta kudu, tun daga Senegal da Mali da Nijar, har Cadi da Sudan da Habasha. A duniya duka kunkuru iri biyu kaɗai suka fi shi girma, watau na tsibiran Galapagos da na tsibirin Aldabra. Ranar da ya fito daga ƙwai bai cika tafin hannun yaro ba, amma namiji in ya ƙasaita yakan kai kilo 50 ko fiye, ya fi buhun siminti nauyi. Yakan kuma rayu shekara 70 ko fiye da haka.

A daji wannan kunkuru shi kaɗai yake zamansa. Yakan haƙa rami mai zurfi ya shige in rana ta yi zafi, sa'an nan ya fito da safe da maraice ya ci ciyawa. Mace takan haƙa ƙasa ta saka ƙwai 15 zuwa 30, ta rufe, ta yi tafiyarta. 'Ya'yan in sun fito ba su san uwa ba, ba su san uba ba, ko wane ya kama gabansa. To, dabbar da aka halitta haka ba ta jin kewa irin ta akuya ko tunkiya. Yaro yakan dubi kunkurunsa ya ji tausayinsa, ya ce bari a samo masa aboki. Shi kuwa kunkurun, in ya ga wani a wurinsa, abokin gaba ya gani, wanda zai raba shi da abincinsa da inuwarsa.

Yadda Suke Faɗa

In aka duba ƙarƙashin wuyan namiji za a ga ƙoƙon ƙirjinsa ya miƙo gaba, ya rabu biyu kamar baki na gwafa. Wannan shi ne makaminsa. In maza biyu suka haɗu, sai ko wane ya miƙe a kan ƙafafunsa, ya ja da baya kaɗan, ya maida kai ciki, ya kai wa ɗan'uwansa karo kamar rago. Ana jin ƙarar ƙoƙunansu daga nesa. Abin da ko wane ke nema shi ne ya cusa gwafar nan ƙarƙashin ɗan'uwansa, ya ɗaga shi, ya kifar da shi rigingine. Suna kuma cizo. Ko da yake ba su da haƙora, bakinsu yana da ƙarfi da kaifi kamar na aku, yana iya yanka ƙafa ko wuya. Faɗan ya fi tsanani a ƙarshen damina da kaka, lokacin da suke barbara.

Kifewar nan ita ce babban haɗari. Huhun kunkuru yana can sama, dab da ƙoƙon bayansa. In ya kwanta rigingine, sai kayan cikinsa su danne huhun, numfashi ya yi masa wuya. Ga shi kuma jikinsa ba ya yin gumi ya huce, sai ya shiga inuwa ko rami. Kunkurun da ya kife a tsakiyar rana da bazara, in ba wanda ya juya shi, yana iya mutuwa kafin la'asar. Haka kuma kada a ɗauka ƙoƙon nan kamar ƙwarya ce da aka kifa masa. Ƙashi ne mai rai, haɗe da ƙashin bayansa da haƙarƙarinsa, akwai jini a ciki. In ya tsage kunkuru yana jin zafi, ƙuda kuma yana iya yin tsutsa a wurin.

A daji faɗa ba ya daɗewa, domin wanda aka fi ƙarfi sai ya gudu, ba su sake haɗuwa. A gida kuwa katanga ta tare shi. Kullum gari ya waye yana tare da wanda ya ka da shi jiya.

Zalunci Marar Ƙara

Ba duk faɗa ne ake yi da karo ba. Akwai wani iri wanda ba ya ƙara, shi ne ya fi ruɗin yara. Mai ƙarfi yakan riƙa bin marar ƙarfi duk inda ya sa ƙafa. Yakan hau kan abinci ya zauna, ko ya tsaya a bakin rami ya hana shiga, ko ya kwanta jikin ɗan'uwansa ya matse shi a kusurwa. Mai kallo sai ya ce, kai, waɗannan suna son juna, ba su rabuwa. Alhali kuwa korarsa ake yi. Ana gane wanda ake zalunta da alamu uku: yana yawan ɓuya, ba ya cin abinci sosai, kuma ba ya girma kamar ɗan'uwansa ko da rana ɗaya aka ƙyanƙyashe su.

Namiji ɗaya da mace ɗaya su ma ba su cika zaman lafiya ba. Namijin yakan dame ta da bi da karo da cizo, har ta rame. Daɗewa tare kuma ba ta hana saɓani. A garin Klagenfurt na ƙasar Ostiriya akwai waɗansu manyan kunkuraye biyu, mace da namiji, Bibi da Poldi, waɗanda aka ce sun fi shekara 100 tare. A shekarar 2012 labari ya bazu cewa macen ta ciji namijin har ta ɓalle masa gefen ƙoƙo, dole aka raba musu wuri. Gaskiyar masu iya magana, zo mu zauna, zo mu saɓa.

Yadda Ake Ajiye Su Lafiya

Rigakafi ya fi magani. Ga ƙa'idodin da masu kiwon kunkuru suke bi:

1. Abin da ya fi duka shi ne ko wane kunkuru ya sami wurinsa dabam. Kada a haɗa manyan maza biyu ko da wasa.

2. A san namiji, a san mace. Namiji wutsiyarsa doguwa ce mai kauri, ƙoƙon cikinsa kuma ya lotsa kamar kasko. Mace wutsiyarta gajera ce, cikinta a shafe yake. Ƙanana ba a iya bambanta su sai sun yi shekaru, don haka waɗanda suka tashi tare a riƙa duba su.

3. In lalle sai an haɗa, to, a haɗa masu girma ɗaya, namiji ɗaya da mata biyu ko uku, ko mata zalla, a fili mai faɗi. Babba da ƙarami ba su zama tare.

4. Katangar da ta raba su ta zama ta bulo ko ta ƙasa, wadda ba a hangen abin da ke bayanta. Kunkuru in yana ganin abokin gabansa ta waya ko ta dangar kara, ba ya barin tura ta sai ta faɗi. Tsawonta ya kai ƙafa 2, gindinta kuma ya shiga ƙasa ƙafa 1 ko fiye, domin gwanin haƙa ne.

5. A cikin filin a ajiye kututture da manyan duwatsu, a bar ciyawa ta yi tsawo, domin wanda aka kora ya sami inda zai ɓace wa ɗan'uwansa.

6. A zuba abinci wuri biyu ko uku nesa da juna, ruwa ma haka, inuwa ma haka. Abincinsa ciyawa ne da ingirici da ganye. Tuwo da nama suna cutar da shi. Kaskon ruwa kada ya yi zurfi, kada wanda ya kife a ciki ya nutse.

7. Baƙon kunkuru a ware shi wata 3 ko fiye kafin ya kusanci na gida, domin yana iya zuwa da kaska ko tsutsar ciki ko mura. Iri dabam dabam kuma ba a gama su. Kififfiya dabbar ruwa ce, ba ta zama da kunkurun tudu.

8. A leƙa su safe da rana da maraice. Wanda aka tarar a kife, a juya shi sannu a hankali, a kai shi inuwa, a ba shi ruwa. In akwai rauni a wanke da ruwa mai tsabta, a kare shi daga ƙuda, a kai shi wurin likitan dabbobi.

In an tarar manya suna faɗa, yaro kada ya sa hannu tsakaninsu, domin yatsa yana iya karyewa tsakanin ƙoƙo da ƙoƙo. Ya kira babba, a sa faifan katako a tsakani, a ɗauke ɗaya. Waɗanda suka taɓa yin faɗa irin wannan ba a sake haɗa su. Duk wanda ya taɓa kunkuru kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, domin a jikinsa akwai ƙwayoyin cuta masu sa zawo.

Amana Ce

Babban kunkurun Sahel ya yi ƙaranci a daji, sabo da kamu da ake yi masa, ga kuma dabbobin kiwo sun cinye ciyawarsa. Tun shekarar 2000 yarjejeniyar ƙasashen duniya mai suna CITES ta hana a kama shi daga daji a sayar da shi ƙetare. Sabo da haka wanda ya gamu da shi a daji ya bar shi a inda yake. Wanda ya riga ya mallake shi kuwa, amana ce a hannunsa, mai yiwuwa ma ta kai ga 'ya'yansa da jikokinsa. Dabbar da aka tsare ba ta iya gudu, ba ta iya kai ƙara. Alhakinta yana wuyan mai ita.

Tambayoyi

1. A waɗanne ƙasashe ake samun babban kunkurun Sahel?
2. Me ya sa kunkuru ba ya bukatar aboki?
3. Da me namiji yake kifar da ɗan'uwansa?
4. Don me kifewa rigingine take kashe kunkuru?
5. Faɗi alamu uku na kunkurun da ake zalunta.
6. Yaya ake bambanta namiji da mace?
7. Zana hoton gidan kunkuru biyu, ka nuna katanga da inuwa da wurin abinci da na ruwa.