Amsoshin Tambayoyinku: Wace Na'urar Wasa Ta Hannu Ta Dace Da Mai Koyon Rubuta Manhaja?

TAMBAYA: Ina ɗan taɓa rubuta manhaja don nishaɗi, na iya Python daidai gwargwado. Ina so in sayi na'urar wasa ta hannu wadda zan riƙa ɗora wasannin da na haɗa da kaina. Wani abokina ya ce in sayi Nintendo Switch. Me kuka gani? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Ka bar batun Switch tukuna. Tana da daɗin wasa, amma a kulle take. Sai ka yi rajista da Nintendo a matsayin mai haɗa wasanni, sun amince da kai, sannan ka samu kayan aikinsu. Wanda kuma ya fasa kullen da kansa, ana iya toshe masa na'urar daga hidimar intanet ta kamfanin.

Abu biyu za ka tambaya kafin ka fitar da kuɗi: akwai kayan rubuta mata manhaja kyauta? Akwai manhajar da ke kwaikwayonta a kwamfuta, don ka gwada aikinka ba tare da na'urar ba?

A ganina, Game Boy Advance ce ta fi cika waɗannan sharuɗɗa. Ta fito a 2001, allonta ɗigo 240 ne a kwance, 160 a tsaye, kuma ƙwaƙwalwarta samfurin ARM ce mai gudun kusan megahaz 16.8. Masu sha'awa sun daɗe da tone asirinta kaf, sun rubuta. Da harshen C ake aiki, ta hanyar devkitARM, a gwada a makwaikwayin mGBA, duk kyauta. Daɗinta shi ne babu shamaki tsakaninka da ƙarfen. A yanayin da ake kira Mode 3, ma'ajiyar hoto tana farawa daga adireshin 0x06000000. Ka rubuta lamba a wurin, nan take ɗigo mai launi ya bayyana a kusurwar hagu ta sama. Ka matsa gaba da gurbi 240, ɗigon ya sauko layi na biyu. Wanda ya yi wannan da hannunsa, ba zai sake ruɗewa da pointer ba. Don ɗora wasan a na'urar gaske, kana buƙatar kaset mai karɓar katin microSD, irin EverDrive. Game Boy Advance ta asali da batiri biyu na AA take aiki, ba ruwanta da ɗaukewar wuta, sai dai allonta ba shi da fitila; samfurin SP na 2003 ne ya zo da ita.

Idan C ya ba ka tsoro, akwai Playdate ta kamfanin Panic, wadda ta fito a 2022. Da Lua ake rubuta mata, harshen da mai Python zai kama cikin sauƙi, kuma kayan aikinta kyauta ne har da makwaikwayi. Allon baƙi da fari ne, ga ɗan hannun juyawa a gefe. Matsalarta tsada: a 2023 ta kai wajen dala 200, ban da kuɗin aiko ta.

Arduboy kuwa kamar katin ATM take don ƙanƙanta, ma'ajiyar aikinta kilobait 2.5 kacal. Tana koya wa mutum tattali, ko yana so ko ba ya so. Steam Deck ba na ba ka shawararta: kwamfuta ce mai Linux, abin da za ta koya maka laftof ɗinka ma zai koya maka.

Saboda haka kada ka sayi komai a yanzu. Sauke mGBA da devkitARM, ka sa ɗan murabba'i ya riƙa motsi idan ka danna maɓalli. In ka kai nan kuma sha'awar ba ta gushe ba, nemi Game Boy Advance ta hannu, ka tabbata maɓallan L da R suna aiki kafin ka biya. Allah ya ba da sa'a.