Talakan Ƙasar Kano a Idon Turawa Matafiya

Gabatarwa

Rubuce-rubucen Turawa matafiya na daga cikin madogaran da ake amfani da su wajen nazarin tarihin Hausawa. Sai dai kowane matafiyi yakan auna abin da ya gani ne da ma'aunin ƙasarsa. Wannan darasi zai kwatanta misalai biyu domin fito da wannan matsala.

Bernier a Indiya

François Bernier likita ne Bafaranshe da ya zauna a Daular Mughal ta Indiya zamanin Sarki Aurangzeb, aka buga littafinsa a 1670. Ya siffanta manoma da matsanancin talauci, ya kuma ɗora laifin a kan cewa sarki ne ya mallaki ƙasar noma baki ɗaya. Ya rubuta haka ne cikin wasiƙa zuwa ga Colbert, ministan Sarkin Faransa, domin gargaɗin kada a bi wannan tafarki. Masana tarihi sun nuna daga baya cewa manoma da dama suna da haƙƙin gado a gonakinsu.

Barth a Kano

Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, zamanin Sarki Usman. Shi kuwa wadata ya gani. Ya ƙiyasta darajar tufafin da ake saƙawa ana sayarwa a wasu ƙasashe da wuri miliyan 300 a shekara, ya yaba yadda ake saƙa a gida cikin iyali, saɓanin ƙuncin masaƙun Turai. Amma shi da kansa ya ambaci kuɗin ƙasa na wuri 2,500 a kan kowane magidanci, da kuma cinikin bayi. Wanda ya ɗauki yabon kawai zai manta da waɗanda suka yi noman a gandayen sarauta.

Kammalawa

Duka biyun sun fi zama a birane kusa da fada, muryar manomi ba ta fito a littattafansu ba. Unguwanni irin su Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, da ke wajen ganuwa, tarihinsu ya fi yawa a bakin dattawa. Wajibi ne malami ya koya wa ɗalibai gwama rubutun baƙo da tarihin baka da kuma rubutun malaman gida.

Tambayoyi

1. Me ya sa ra'ayin Barth ya bambanta da na Bernier?
2. A tattauna da dattawa a Tarauni ko Gyaɗi-Gyaɗi kan noma da haraji a da, a kwatanta da bayanin Barth.