Yadda mai ciwon suga zai motsa jiki a zafin Diffa

Naman jiki in yana aiki sai ya riƙa zuƙe suga daga cikin jini, ko da insulin ɗin mutum ya yi rauni, kuma amfanin yakan kai yini guda bayan an huta. Shi ya sa tafiyar ƙafa take magani ga mai wannan ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Kada ka bari kwana biyu a jere su wuce ba ka taka ba.

Kafin komai, ka tambayi likita a babban asibitin Diffa ko a cibiyar lafiya ta unguwarku wane irin magani kake sha. Mai allurar insulin da mai shan glibenclamide sugansu na iya faɗuwa ana tsakiyar tafiya. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake jawo haka ba.

Sai zaɓen lokaci. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, don haka tsakar rana ba taka ba ce. Ka fita bayan asuba, ko bayan abincin dare. Ni na fi son na daren, domin burabusko ko shinkafar fadamar Komadugu suna ɗaga suga sosai, kuma tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan an wanke hannu tana rage wannan hawan. Tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a 2015 fita bakin kogi ba kamar da ba ne, to zagayen unguwa ya wadatar. Mace ma ta zagaya tsakar gida, shara da daka duk aiki ne.

In kana da na'urar awon suga, ka auna kafin ka fita. Ƙasa da giram 1 a lita, ka ɗan ci wani abu tukuna. In ya haura 2,5 kuma jiki ba daɗi, ka zauna. Ka sha ruwa, ka sa ƙwayar suga uku ko dabino a aljihu.

Ƙafa kuwa sai an kula ƙwarai. Ciwon nan yana kashe jin ƙafa, har ƙaya ko ƙarangiya ta shige ko rairayi ya ƙona tafin mutum bai sani ba. Rufaffen takalmi za ka sa, ka kakkaɓe shi kafin sawa, in ka dawo ka duba tsakanin yatsu.

Ka yi sauri daidai yadda za ka iya magana ba tare da haki ba. Da ka ji rawar jiki, gumi mai sanyi, jiri ko yunwa farat ɗaya, tsaya nan take ka sha sugan, ka jira minti 15. In bai lafa ba ka ƙara. Ciwon ƙirji kuwa sai asibiti.

Manomin tattasai a Gueskérou ko Bosso da ke yini yana ban ruwa, shi faɗuwar suga ya kamata ya kiyaya. Don Allah kada ka sha magani ka tafi gona ba ka karya ba, kuma ka gaya wa abokin aikinka aljihun da sugan yake.