Amsoshin Tambayoyinku: Ciwon ƙin abinci da karanta fuska

Wata mai sauraronmu daga Zariya ta ce ƙanwarta ta daina cin abinci don tsoron ƙiba, kuma ko kallonta aka yi sai ta ce ana hararar ta. Shin abubuwan biyu suna da alaƙa?

Malama, suna da ita. Likitoci na kiran wannan ciwo anoreksiya, kuma ya fi kama 'yan mata. Akwai gwajin da Farfesa Simon Baron-Cohen na Jami'ar Kambirij ya sabunta a 2001: hotuna 36 na idanu kawai, a ce mutum ya faɗi abin da ke ran mai hoton. Masu bincike a Landan sun ga cewa mata masu wannan ciwo sun fi yin kuskure a gwajin. Dariya ko kuka a fili ba ya ɓace musu. Inda suke tuntuɓe shi ne yanayi mai sarƙaƙiya, kamar damuwa da tausayi, kuma hankalinsu ya fi karkata ga fuskar fushi. Mahaifiya ta tsuke fuska don damuwa, 'yar ta ɗauka tsana ce. Ita ma fuskarta takan daskare, har a zaci girman kai ne.

Yunwa na da hannu a ciki, domin ƙwaƙwalwar da ba ta ƙoshi ba takan rasa kaifinta.

Saboda haka kada ku bar fuska ta yi muku magana. Ki zauna kusa da ita, ki ce mata, "Ba fushi nake ba, na damu da ke ne." Sannan ku kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa ba da jinkiri ba, domin wannan ciwo yana kisa.